Libarba mai cin harsashin farauta: in saya wa gida ko in haƙura?

Baban Hanifa, Hustan: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, masu barkwanci don Allah ku ɗaga mini ƙafa yau. Daren Talata an fasa mana gareji, an kwashe kekunan yara da akwatin kayan aikina. Ina Oklahoma da tirela a lokacin, uwargida ce kaɗai da yara uku. Tana jin motsinsu ta kira 911, kafin 'yan sanda su iso sun yi gaba. Tun ranar ba ta runtsawa in ba na gida, ni kuwa a sati nakan kwana huɗu a hanya. Jiya na shiga wani shagon bindigogi, mai shagon ya ciro mini wata libarba, Taurus Judge. Wai harsashi iri biyu take ci, .45 Colt da kuma .410 na bindigar farauta, mai ƙwayoyin dalma a ciki. Ya ce irinta ake saya wa mace, don ba sai ta iya saiti ba, ta nuna ƙofa kawai ta ja kunama, ƙwayoyin su watsu su sami mutum. Ya kuma nuna mini ta Smith & Wesson mai suna Governor, amma ta fi tsada sosai. Wacce zan ɗauka?

Ɗan Zongo, Bronx: Wa alaikumussalam. Allah ya tsare gaba. Alƙali da Gwamna, duk manya ne, sai ka zaɓi wanda ya fi ka sauƙin gaisarwa 😂 Mu nan Niyok kafin a ba ka lasisin ƙaramar bindiga sai furfura ta fito maka. Ku 'yan Teksas kamar burodi kuke saye.

Baban Hanifa, Hustan: Ɗan Zongo na ce a ɗaga ƙafa fa.

Isufu Maraɗi, Girinsboro: Allah shi kyauta, ɗan'uwa. Ni Governor gare ni, shekara huɗu ke nan. Bambancinsu a taƙaice: Judge harsashi biyar take ɗauka, Governor shida. Governor kuma tana karɓar iri na uku, .45 ACP, in ka jera su a wani ɗan faifan ƙarfe da ke riƙe su. Jikinta ba ƙarfe zalla ba ne, don haka duk da girmanta nauyinta bai kai kilo guda ba. Judge ta riga ta fitowa, a 2006, kamfanin ɗan Barazil ne. Governor sai 2011. Wata Judge ɗin tana cin kwanso mai tsawon inci 3, Governor kuwa inci 2 da rabi kaɗai. In kuɗin bai dame ka ba ɗauki Governor, aikinta ya fi tsabta.

Kawu Soja, Kilin: Isufu ya faɗi gaskiya a kan lissafin, amma Baban Hanifa, tambayar da ka yi ba ita ce tambayar ba. Bari in fara da maganar mai shago, don ita ta fi tsaya mini a rai. "Ba sai ta iya saiti ba." Wannan magana ta sayar da bindigogi da yawa a ƙasar nan, kuma ba gaskiya ba ce.

Ka auna daga ƙofar ɗakin kwananku zuwa ƙarshen baranda. Mita huɗu, biyar, da ƙyar ya kai bakwai. A wannan tazara, harsashin .410 mai manyan ƙwayoyi, wanda suke kira 000, ƙwaya huɗu ne kacal a cikin kwanson inci 2 da rabi, biyar a na inci 3. Ƙwaya huɗu ba sa cika ƙofa. A kusa tare suke tafiya, faɗin tafin hannu ko ƙasa da haka, wanda ya kauce da hannu ya kauce ke nan, duka huɗun sun wuce ta gefe. In kuma ka sa na tsuntsu mai ƙananan ƙwayoyi ɗaruruwa, to shi ne yake watsuwa kamar yadda mai shago ya ce, amma shi kuma ba ya shiga jiki. Zai yi wa mutum kaca-kaca da fata, jini ya zuba, amma mutumin da ya sha wani abu ya zo da mugun nufi bai zama lalle ya tsaya ba. Wato mai watsuwa ba ya tsayarwa, mai tsayarwa ba ya watsuwa. Mai shago ya ɗauko rabin wannan ya haɗa da rabin wancan ya sayar maka.

Isufu Maraɗi, Girinsboro: Kawu, ka manta da harsasan da aka yi musamman don waɗannan bindigogi. PDX1 na Winchester fa? Faifai uku na dalma a gaba, ƙananan ƙwayoyi 12 a bayansu. Hornady ma suna da nasu, babban harsashi ɗaya da ƙwallaye biyu. Na harba su a takarda, faifan nan wuri ɗaya suke faɗawa.

Kawu Soja, Kilin: Ban manta ba, ɗana. Faifan suna faɗawa wuri ɗaya, na yarda. To ƙwayoyi 12 na bayansu ina suka faɗa? Koma ka duba takardar taka. Kowace ƙwaya da ta bar bakin bindiga kai ke da alhakinta, a gaban alƙali da gaban Allah. Gidajen nan ba na bulo ba ne irin namu na gida, bangon tsakanin ɗakuna allo ne fale-fale guda biyu da iska a tsakani. Ɗakin Hanifa yana bayan wane bango?

Kuma akwai dalilin da ya sa ƙwayoyin ke fantsama haka, ba wai dabara ba ce ta tsaro. Dokar tarayya ta 1934 ta sa takunkumi mai tsanani a kan bindigar farauta da bututunta bai kai inci 18 ba, da ƙaramar bindiga mai sumul ɗin ciki. Don su tsallake wannan, sai suka yi wa cikin bututun tsagi a murɗe, irin na kowace libarba. Tsagin nan amfaninsa ya juya harsashi guda ya tafi a miƙe. Amma in ƙwayoyi ne, juya su yake ya wurgar da su gefe-gefe, har wani lokaci ka ga tsakiyar takarda ba komai, ramuka sun zagaye ta kamar awarwaro. Shi kuma .45 Colt gajere ne a cikin ganga, wato wurin da ake jera harsasai, mai tsawon da aka yi don kwanson farauta, sai ya yi tafiya a sake kafin ya kama tsagin. Ta ci iri biyu, ba ta ƙware a ko ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Injiniya Bash, Sakramento: Tabbas. Mu a Kalifoniya ma wannan dabarar tsagin ba ta yi aiki ba, dokar jiha ta ɗauke ta a matsayin gajeriyar bindigar farauta, haramun ce a nan. Baban Hanifa, tunda kai direba ne, ko da wasa kada wata rana ka jefa ta a tirela ka shigo mana da ita.

Ɗan Zongo, Bronx: Ni dai abin da nake so in sani, wa ya raɗa mata suna Alƙali?

Isufu Maraɗi, Girinsboro: Kamfanin da kansa. Da lamba kawai gare ta, sai shugabansu na Amurka ya ji cewa wasu alƙalai a yankin Miyami suna sayen ta su shiga kotu da ita, shi ke nan suna ya bi ta.

Ɗan Zongo, Bronx: To ai ka ji. Alƙali a zaune yake, mai laifi na gabansa taku uku, da rana tsaka, ga ɗan sanda a gefe. Ina ruwan wannan da matar da aka tasa daga barci ƙarfe uku na dare?

Kawu Soja, Kilin: Yau kam mai barkwanci ya fi kowa magana.

Alhaji Manomi, kudancin Jojiya: Ku bari in kare ta kaɗan, don kun taru a kanta. Ina da 'yar gona nan da awaki da kaji, Judge na ɗaure a ƙuguna duk lokacin zafi. Macijin nan mai kaɗa wutsiya, da wani jan-kai da ke ɓuya a ganye, na kashe sun fi a ƙirga da harsashin tsuntsu, taku biyu ko uku, harbi ɗaya. A wannan aiki ban ga kamarta ba. Ɓera a rumbu ma haka. Sai dai gaskiya ɗaya ce, a ɗakin kwana ba ita na ajiye ba, doguwa ce ta farauta mai lamba 20. Kowa da aikinsa.

Maman Biyu, Atlanta: Sannunku da ƙoƙari malamai. Na karanta tun daga sama, kun yi inci, kun yi ƙwaya, kun yi maciji. Mutum ɗaya ne ban ji an ambata ba sai a matsayin "mace". Baban Hanifa, ka tambayi Maman Hanifa tana so? Ta taɓa riƙe bindiga? Ita za ta kwana da abin nan dare huɗu a sati, ba kai ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara tara a sashen gaggawa. Abin da ake kawo mana na harbin cikin gida, ɓarawo ne mafi ƙaranci a ciki. Yaro ne ya samo ta a ƙarƙashin katifa. Matashi ne ransa ya ɓaci dare ɗaya. Miji da mata ne faɗa ya yi zafi. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a ƙasar nan duk shekara su ne suka harbi kansu, kuma tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa. Ban ce kada ka saya ba, ni ma akwai a gidana. Amma kuɗin akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba ko zanen yatsa yana cikin kuɗin bindiga. Wanda ba shi da na akwati ba shi da na bindiga.

Baban Hanifa, Hustan: Hajiya, gaskiya ban tambaye ta kai tsaye ba. Na ce mata dai zan samo abin da zai kwantar mata da hankali. Ba ta taɓa harbi ba, ko ni sau biyu ne, a gonar wani abokina.

Maman Biyu, Atlanta: To ka ga. Ka je ka shigo mata da ƙarfe ka ajiye, ka hau tirela ka tafi, ka ƙara mata abin tsoro na biyu a gida.

Kawu Soja, Kilin: Hajiya ta taɓo inda nake shirin zuwa. Libarba irin wannan, in ba ka fara jan ƙarfen da ke bugun harsashi baya ba, jan kunamarta ya kai nauyin kilo biyar. Ga ta da ƙaton kai saboda doguwar ganga, nauyin duk ya rinjaya gaba. Mai ƙaramin hannu da bai saba ba, yana ja bakin na karkacewa. Sannan tana shuri, kuma a cikin ɗaki cikin duhu ƙararta da walƙiyarta sai sun ɗauke maka ji da gani na ɗan lokaci. Wuta kuma tana fita ta tsakanin ganga da bututu, wanda ya ɗora babban yatsa a wurin zai gane kurensa. Biyar gare ka. In sun ƙare, kwanson .410 na roba ne, yakan kumbura ya maƙale, fitar da shi da hannu mai rawa aiki ne.

Ma'aunin da ake bi a nan na FBI ne, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya. Bayan musayar wutar da suka yi a Miyami a 1986, inda aka kashe musu jami'ai biyu, suka tsayar cewa harsashin kare kai ya shiga inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abu da suke gwaji da shi mai kama da tsoka. Na tsuntsu ko kusa ba ya zuwa. Na 000 da .45 Colt mai kyau suna iya kaiwa. To in a ƙarshe .45 Colt za ka cika ta da shi, me ya sa ba za ka sayi libarbar da aka ƙera don harsashi guda ba? Ruger GP100 ko Smith & Wesson 686, ka sa musu .38 Special, shurinsu kaɗan ne, harsashin ya fi araha, ita kuma za ta iya yin atisaye da shi ba tare da ta tsani abin ba. Bindigar da mutum ke tsoron harbawa ba zai koye ta ba.

Isufu Maraɗi, Girinsboro: Kawu ka sa ina kallon tawa da wani ido. Amma ni dai ba zan sayar ba. Biyun farko 000 nake sawa, sauran huɗun .45. Kuma matata tana harba ta lafiya lau.

Kawu Soja, Kilin: Sau nawa kuka je filin harbi da ita?

Isufu Maraɗi, Girinsboro: Duk wata biyu muna zuwa.

Kawu Soja, Kilin: To zuwan ne yake muku aiki, ba sunan Gwamna ba. Riƙe abarka.

Ɗalibi Mk, Dalas: Afuwan iyayena, in ɗan shigo. Ni da bizar karatu nake, unguwarmu ma ana yawan fasa motoci. Zan iya saye? Ko in bai wa wani mai takarda kuɗi ya saya mini?

Barista Ummi, Marilan: Ƙanena, na biyun nan cire shi daga ranka yau. Takardar da ake cikawa a shago, lamba 4473, tana tambaya ƙarara ko kai ne ainihin mai sayen. Wanda ya saya maka da kuɗinka ya ce nasa ne ya aikata babban laifi na tarayya, kai da shi duka, kuma a kanka har da kora daga ƙasa. Mai katin zama na dindindin yana saye kamar ɗan ƙasa, bayan an binciki sunansa. Mai bizar karatu ko ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai 'yan togaciya kaɗan, kamar wanda yake da lasisin farauta mai aiki. Kada ka dogara da abin da na rubuta a waya, ka ga lauyan shige da fice tukuna. Makarantarka ma tana da nata dokokin.

Baban Hanifa, kai kuma abu biyu. Teksas ta daina neman lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga tun Satumban 2021, amma har yanzu laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai hannu. Na biyu, dokarku tana ba mai gida ƙarfi sosai in an fasa an shigo masa, sai dai kada wannan ya sa a riƙa harbi ta bayan ƙofa. A 2023 a Kansas City wani dattijo ya harbi yaro baƙar fata ɗan shekara 16 da ya yi kuskuren gida ya danna ƙararrawa. Wannan tunanin na "nuna ƙofa kawai ka ja" shi ke kai mutane nan.

Kuma mu baƙaƙe ne, mu faɗa wa juna gaskiya. A 2024 a Fulorida wani matashin sojan sama ya buɗe ƙofar gidansa da bindigarsa ta halal a hannu, bakinta na kallon ƙasa, ɗan sandan da ya ƙwanƙwasa ya harbe shi nan take. In Maman Hanifa ta kira 911, ta faɗa musu tana da bindiga, ta faɗi ɗakin da take da kayan da ke jikinta, kuma kafin su shigo ta ajiye ta.

Malam Habu, Kolumbus: Jazakumullahu khairan. Ta fuskar addini kare kai da iyali da dukiya halal ne, hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Amma malamai sun ce ana tunkuɗe mai ta'adi ne da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi, in tsawa ta isa ba a wuce ta. Wanda ya ɗauki keke ya juya baya yana gudu, jininsa bai halatta don keke ba. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Masu ɗaukar hoto da ita a walima su ji.

Ɗan Zongo, Bronx: Malam ai da ka kira suna kawai 😂

Sabon Shiga: Ni tambayata, in mutum ya saya a nan zai iya sa ta a kwantena cikin kaya ya aika gida? Wajenmu a Zamfara an fi ku buƙatarta wallahi.

Shugaban Zaure: A'a. Fitar da ita daga Amurka ba izini laifi ne, a Najeriya kuma dokar makamai ta sa libarba da fistol cikin haramtattu, ba irin lasisin bindigar farauta ba ne. Mun san halin da ake ciki a gida, Allah ya kawo sauƙi, amma ba a wannan zauren ba. Wanda ya sake tayar da ita zan goge.

Alhaji Manomi, kudancin Jojiya: Mu koma kan gareji. Baban Hanifa, ƙofar da ke tsakanin gareji da cikin gida, wane irin makulli gare ta? Yawancin gidajen haya sukurorin da ke riƙe ƙarfen makullin ba su kai inci ɗaya ba, shuri ɗaya ƙofa ta buɗe. Ka sa masu inci 3 su kama katakon ciki. Fitila mai kamawa in ta ga motsi, kyamara a ƙofa, duka ba su kai rabin kuɗin Judge ba. Waɗanda suka ɗauki keke sun ga wuri mai duhu ne.

Baban Hanifa, Hustan: Alhaji, kunya ta kama ni, ƙofar nan ko sakata ba ta da ita. Na miƙa wa uwargida wayar ta karanta da kanta tun daga farko. Ga ta.

Baban Hanifa, Hustan: Assalamu alaikum, Maman Hanifa ce. Na gode muku duka, musamman Hajiya Maman Biyu. Ni ban ƙi bindiga ba, a gidanmu na taso ina ganin ta toka a rataye a ɗakin kakanmu. Amma ranar da abin ya faru hannuna ko lambar waya da ƙyar ya danna. Da akwai ta a gidan ban san me zan yi da ita ba, ga Abdul ya farka yana bin bayana. Abin da nake so yanzu a gyara ƙofa, a sa fitila, yara su dawo ɗakin da ke kusa da nawa. Sannan in je in gwada da hannuna, in ji wacce zan iya. In na ji ba zan iya ko ɗaya ba, kada a ce na yi gardama.

Maman Biyu, Atlanta: Wa alaikissalam ƙanwata. Babu mai cewa. Ki nemi ajin mata zalla, filayen harbi da yawa suna yi, kuma macen ce ke koyarwa. Ki sa abin toshe kunne biyu, na ciki da na waje, rabin tsoron ƙara ce. Mayafi ki ɗaure shi tsaf ki rufe wuya, kwanson fistol da zafi yake fitowa.

Kawu Soja, Kilin: 'Yata, haka ake yi. Filayen suna ba da haya, ki gwada .38, ki gwada 9mm irin Glock 19, ki gwada Judge ɗin ma don kada a ce Kawu ya yi mata ƙazafi. Ki sa takarda a mita biyar, kowacce ki harba biyar, ki ɗauko takardun ki turo mana. Asabar ta sama ina da zuwa Hustan ganin jikoki, in kun shirya ni da Gwaggonku za mu raka ku.

Isufu Maraɗi, Girinsboro: Kawu a gwada da 000 fa, kada ka sa mata na tsuntsu don ka ci gardama.

Kawu Soja, Kilin: Duka biyun zan saya, da kuɗina.

Baban Hanifa, Hustan: Na karɓi wayata. Asabar ta sama ina gida in sha Allahu. Saura wanda zai zauna da yara.

Ɗan Zongo, Bronx: Kai mana. Wa ya ce da kai za a je?